Filtar ruwa a mota mai ɗaki: yadda aka warware matsalar wasu ma'aurata

Motar irin wadda ake yawon buɗe ido da ita ce, mai ɗaki a baya: gado, madafa, ɗan banɗaki da shawa. Ta hannu suka saye ta. Mata da miji ne da suka manyanta suka ajiye aiki, sukan fita su yi makonni suna yada zango wuri-wuri, wani lokaci tare da jikarsu ƙarama. Maigidan ya zo mini da tambaya ɗaya: wace filta zai saya? Ya riga ya rage zaɓinsa zuwa biyu, ko mai kwanso uku da ake ɗaurawa a mashigar ruwa, ko na'urar RO, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai matuƙar ƙananan ramuka. So yake in ce masa wannan ko waccan, ya je ya biya a wuce wurin.

Ban ba shi amsa a ranar ba, domin da uwargidan ta fara lissafo abin da ke damun su sai na ga koke huɗu ne daban-daban. Ruwan yana ɗanɗanon roba, wani zango kuma yana warin kulorin. Akwai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da kan cika banɗaki. Shawa ba ta da ƙarfi, da ƙyar take wanke sabulu. Na huɗu shi ne ya fi tsaya mata a rai: jikarsu ta taɓa yin gudawa suna kan hanya, tun daga nan ta daina yarda da ruwan motar, suka koma lodin ruwan gora. Ruwa kuwa kowace lita kilo guda ce, ga cin wuri a motar da dama wuri ya yi mata kaɗan.

Hanyar da ruwa ke bi a motar

Kafin a yi maganar filta sai an san ta ina ruwan ke shiga, ina yake kwana, ta ina yake fita. Motarsu, kamar yawancin irinta, ƙofa biyu gare ta. Ta farko ita ce bakin tanki: a zura tiyo a cika tankin roba mai cin kusan lita 150, daga nan wani ɗan inji mai aiki da batirin bolt 12 ya riƙa tura ruwan zuwa famfuna. Ta biyu ita ce haɗin kai tsaye: idan zangon yana da famfo kusa da wurin ajiye mota, sai a ɗaura tiyo a wani baki na daban, ƙarfin ruwan zangon ya tura shi cikin bututun motar ba tare da ya bi ta tanki ko ta inji ba. Sai hita, wato tukunyar ɗumama ruwa, mai cin lita 23, wadda ke karɓar ruwa daga kowace hanya aka buɗe.

Abin da ya raba wannan da gida shi ne, gida ruwa iri ɗaya yake sha shekara da shekaru, mutum zai iya gwada shi sau ɗaya ya san da me yake fama. Mota kuwa yau ruwan hukuma ne mai kulorin, gobe na rijiyar burtsatse mai yashi da tsatsa, jibi wani mai zartsi da sabulu ba ya kumfa a ciki. Bayan haka ruwan yakan kwanta a tanki kwanaki, cikin zafi, ba motsi. Wannan kwanciyar ita ce mutane suka fi mantawa da ita idan suna zaɓen filta.

Dama suna da filta guda, irin doguwar nan ta roba mai gawayi a ciki da ake murɗawa a jikin tiyo. Maigidan yana amfani da ita a kowane ciko, ko tanki zai cika ko haɗin kai tsaye zai yi. In ya gama sai ya jefa ta cikin akwatin kaya da ruwanta a ciki, har sai an sake buƙatarta.

Gwajin kofi biyar

Mun jera kofunan gilashi biyar a kan teburin motar. Na farko daga famfon zango kai tsaye, na biyu bayan ruwan ya bi ta tiyo, na uku bayan filta, na huɗu daga famfon sanyi na madafa da ruwan tanki, na biyar daga famfon zafi. Muka sansana, muka duba su a haske, muka tsoma takardar gwajin kulorin a kowanne. Takardun nan ba su da wuyar samu, masu kula da wuraren ninƙaya ma da su suke aiki.

Kofin farko garau yake, da ɗan warin kulorin, takarda ta nuna kusan miligiram 1 a lita. Kofi na biyu shi ne mai ɗanɗanon roba. Da na ɗaga tiyon sai na ga koren tiyon ban ruwan fulawa ne, wanda yake yini a rana. Irinsa ba don sha aka yi shi ba, robarsa tana saki cikin ruwa idan ta ɗumama, kuma bakinsa na tagulla yana iya ƙunsar dalma. Koke na farko ke nan ya fita daga lissafin filta: maganinsa tiyon da aka rubuta a jikinsa cewa na ruwan sha ne.

Kofi na biyar kaɗai ke warin ƙwai. Ruwan sanyi ba ya yi ko kaɗan. Wannan ya nuna hita kai tsaye. Hitar da tukunyarta ta ƙarfe ce tana da wata sanda ta magnisiyam a ciki, wadda aka sa don tsatsa ta cinye ta maimakon ta ci jikin tukunyar. Idan ruwan da aka ɗebo yana da gishirin salfet, ga ɗumi, ga ruwa ya kwanta, wasu bakteriya da ba sa son iska sukan mayar da salfet ɗin iskar haidirojin salfaid, sandar kuma tana taimaka musu. Ita ce wannan wari. Da muka kashe hitar, muka bar ta ta huce, muka saki matsin da ke ciki, muka kwance sandar, sai ga ta ta zaizaye saura siririyar waya, an yi mata kunzugu da farin ɓawo. Ruwan da ya biyo bayanta fari-fari ne da ɓarɓashi. Babu filtar da aka ɗaura a waje da za ta taɓa warin da ake haifarwa can cikin mota.

Shawa ma ba ta ɗauke mu lokaci ba. Rariyar da ke gaban injin ta toshe da yashi da ɓarɓashin roba, ramukan kan shawar sun cushe da farin ɓawo, ita kanta filtar tiyon ta cika ta zama cikas.

Kofi na uku da na huɗu su ne suka sa na zauna. Bayan filta, kulorin ya kusa ƙarewa. A ruwan tanki babu shi sam. Na buɗe murfin duba tanki na shafa bangonsa da yatsa, sai santsi, wani yauƙi mara launi da ke manne wa fata. Na nuna wa uwargidan, ta dubi mijinta ta ce, "Maigida, wannan muke wanke baki da shi?" Yauƙin nan gidan bakteriya ne, su suke gina shi a jikin roba su fake a ciki. Abin da ya faru a fili yake: hukumar ruwa ta sa kulorin don ya raka ruwan har inda za a sha, maigidan kuma, cikin kyakkyawar niyya, yana cire shi a bakin ƙofa sannan ya ajiye ruwan mako guda a tanki mai ɗumi ba abin da ke tsaronsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a inda ruwa ya isa ga mai sha, nasu kuwa sifili ne. Ƙari a kan haka, filtar gawayi da aka ajiye a jiƙe cikin akwati mai zafi ita ma matattara ce, ruwan farko da ya bi ta cikinta yakan kwaso abin da ya tsiro a ciki ya kai tanki.

Ban ɗora gudawar yarinyar a kan tankin ba, domin gudawa ƙofofinta da yawa, kuma wannan aikin likita ne. Amma ta nuna mini mizanin da ya kamata a auna zaɓin da shi. Gyaran ɗanɗano kaɗai ba zai mayar da uwargidan ga famfon motar ba.

Abin da lambobin jikin kwali ke nufi

Maigidan ya zo da hotunan kwalaye a wayarsa, kowanne da alkawura. Sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan muka fi daɗewa.

Lamba ta farko ita ce maikiron, wato girman ramin filta. Maikiron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum yana kusan maikiron 70, ido kuma ba ya ganin abin da ya gaza kusan 40. Yawancin filtocin tiyo maikiron 20 ne, suna kama yashi da ɓarɓashin tsatsa. Giardia da Cryptosporidium ƙwayoyin cuta ne masu sa gudawa. Ƙwan Giardia yana tsakanin maikiron 8 zuwa 12, na Cryptosporidium 4 zuwa 6, bakteriya da yawa suna kusa da maikiron 1, bairos kuwa ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ke nan duk waɗannan suna ratsa filtar maikiron 20 ba tare da sun taɓa gefe ba. Cryptosporidium shi ya fi dacewa a tsaya a kansa, saboda kulorin ɗin da ke cikin ruwan famfo ba ya kashe shi cikin sauƙi. A 1993 ya shiga ruwan birnin Milwoki a Amurka, mutane sama da 400,000 suka kamu da ciwon ciki, alhali ruwan hukuma ne da aka tace aka sa wa magani. Wanda ke cika tanki a wurare barkatai ya fi mazaunin birni dalilin damuwa da shi.

Sannan lambar maikiron iri biyu ce. Akwai ta ƙiyasi, wadda ke nufin filtar tana kama mafi yawan abin da ya kai wannan girman, wasu su wuce. Akwai ta tabbas, wadda ke nufin kusan babu mai wucewa. Kwali zai rubuta "maikiron 1" da manyan baƙaƙe ya yi shiru a kan wace ce. Don tare ƙwan cuta, maikiron 1 na tabbas ko ƙasa da haka ake nema.

Gawayin ma iri biyu ne. Gawayin tace ruwa ana yawan yin sa da ɓawon kwakwa, a gasa shi har ya cika da ƙananan ramuka, ta yadda giram guda ke da faɗin fili na ɗaruruwan murabba'in mita a cikinsa. Kulorin da sinadaran da ke ɓata wari da ɗanɗano suna maƙalewa ko su lalace a jikin wannan filin. Akwai na tsaba-tsaba, wanda ake zubawa cikin filtar tiyo, akwai kuma wanda aka niƙa aka danne ya zama dunƙule. Na tsaba yana barin ruwa ya wuce da sauri, amma ruwan kan haƙa wa kansa hanya a tsakanin tsabar, musamman a motar da ke girgiza, ya bi ta can ya fita bai taɓa gawayi sosai ba. Dunƙulen ba ya barin haka, kuma saboda matsattsun ramukansa yana iya tare ƙwan cuta, wani ma an haɗa shi da abin da ke kama dalma. Kuɗin da ake biya shi ne jinkiri: ruwa yana fita a hankali. Wasu filtocin suna da garin tagulla da zinki da ake kira KDF, wanda ke taimakawa wajen rage kulorin da hana bakteriya yaɗuwa a cikin filtar kanta. Mutane kan ɗauka yana kashe cutar da ke cikin ruwan da ke wucewa. Ba aikinsa ba ne. Akwai kuma garuruwan da ke amfani da kuloramin, wato haɗin kulorin da amoniya, maimakon kulorin zalla, shi kuma gawayi na yau da kullum ba ya cire shi da kyau sai wanda aka sarrafa musamman dominsa.

Lambar da na fi ba muhimmanci ita ce ta shaidar gwaji. Ƙungiyar NSF, wadda aka kafa a 1944 a Jami'ar Mishigan, ita da ANSI, hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, suke da ma'aunan da aka fi sani. Ma'auni na 42 na ɗanɗano ne da wari da kulorin. Na 53 na abin da ya shafi lafiya ne, kamar dalma da ƙwan cuta, kuma kafin filta ta samu shaidar tare ƙwan cuta sai ta cire kashi 99.95 cikin ɗari. Na 55 na fitilar UV ne, mai kashe ƙwayoyin cuta da haske, na 58 na RO. Abubuwa biyu na ja hankalin maigidan a kai. Shaidar 53 ba ta jimla ba ce, kowane gurɓatacce da sunansa: filta tana iya samun ta a kan ƙwan cuta ba ta samu a kan dalma ba, don haka sai an karanta jerin. Sannan "an gwada bisa ma'aunin NSF" daban yake da "an ba da shaida". Na farko kamfani ne ke yabon kansa, na biyu za ka iya neman lambar samfurin a rajistar NSF ko ta wasu masu ba da shaida irin su WQA da IAPMO ka gan ta. Biyu daga cikin kwalayen da ke wayarsa sun faɗi a wannan matakin. Abin yana ɓata mini rai, domin mai saye da jika a mota yana ganin tambari ya ɗauka an tsare masa lafiya.

Waɗanda muka ajiye gefe

RO ita maigidan ya fi so, kuma ba a banza ba. Fatarta tana cire gishiri, naitiret, asanik da yawancin abin da ya narke a ruwa, abin da gawayi ba ya iyawa. Amma irin wadda aka saba sawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke tana zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da lita guda. A gida wannan asara ce da za a iya jurewa. A mota mai lita 150, da tankin ruwan datti da shi ma yake cika, kowace lita da aka zubar an yi asararta sau biyu. Tana kuma son matsi mai ɗorewa, tana da nata ɗan tanki mai cin wuri. Tunda zangunan da suke sauka masu rajista ne, ruwansu na sha ne, ban ga abin da RO za ta cire musu da ya cancanci wannan wahala ba.

Fitilar UV tana lalata bakteriya da bairos da ƙwan cuta da haske mai tsawon nanomita 254, ba ta ƙara komai a ruwa. Sharaɗinta ruwa ya zama garau, don ƙwayar cuta tana fakewa a bayan laka, kuma tana cin batir. Ba ta barin kariya a bayanta, ruwan da ya wuce ta ya shiga tanki mai yauƙi ya koma gidan jiya. Na gaya musu ranar da suka fara ɗiban ruwan rafi ko rijiyar da ba a san halinta ba, to maganar ta canja: sai UV mai daraja ta A a ma'auni na 55 bayan filta, ko kuma tafasawa, minti guda ruwan yana ɓararraka, minti uku idan an haura tsaunin da ya wuce mita 2,000. A yanzu ba su yin haka.

Sai mai kwanso uku a mashiga. Kayan kirki ne, amma wurin da ake ɗaura shi ne matsalar. Zai cire kulorin fiye da yadda tsohuwar filtar ke yi, ya ƙara tsiraita tanki. Kuma dunƙulen gawayi mai rabin maikiron a mashiga yana nufin duk ruwan shawa da na banɗaki sai ya matsu ta cikinsa. Shawar mota tana son lita 6 zuwa 8 a minti, gawayi kuwa yana aiki mafi kyau idan ruwa na bin sa a hankali, kamar lita 2 a minti. Mun yi lissafi tare: abin da su biyu ke sha da girki da wanke baki bai wuce lita 10 a yini ba. Sauran duk wanka ne da wanke-wanke da kora banɗaki. Tace lita 150 da filta mai tsada don a sha goma, tana toshewa da wuri, shawa tana raguwa, ba dabara ba ce.

Abin da aka ɗaura

Muka raba aikin gida biyu, kowanne a inda ya dace.

A waje, daga famfon zango: ragileta, wato na'urar rage matsin ruwa, mai agogo a farko, an saita ta a kusan psi 45 a ma'aunin matsi. Wasu zangunan ruwansu yana zuwa da ƙarfin da zai iya fasa haɗin bututun mota, kuma sa ragileta a bakin famfo yana kare tiyo da kwanson filta duka. Ƙananan ragiletocin da ba a iya saitawa sukan shaƙe ruwa, shi ya sa muka ɗauki mai agogo. Bayanta sabon tiyon ruwan sha, sannan kwanso guda na inci 10 da katirij, wato matacin da ake sawa a ciki ana canjawa, na laka mai maikiron 5. Babu gawayi a ciki. Yana tare yashi da tsatsa, yana barin kulorin ya wuce zuwa tanki. Mun zaɓi inci 10 da gangan, domin girman da kamfanoni da yawa ke yi ne, duk inda suka je za su samu katirij, ba a ɗaure su da kamfani ɗaya ba. Kwanson mai haske ne don a ga cikinsa, amma yana zama a inuwa ƙarƙashin mota, in ba haka ba gansakuka za ta tsiro a ciki.

A ciki, ƙarƙashin wurin wanke-wanke: dunƙulen gawayi mai rabin maikiron, da shaidar 42 da ta 53 a kan ƙwan cuta da dalma, an ja masa ɗan siririn famfo nasa shi kaɗai. Nan ne ake cire kulorin, taku ɗaya kafin kofi. An sa masa bawul a gabansa don a iya canja katirij ba tare da an zubar da ruwan mota ba. Da aka fara buɗe shi ruwan ya fito baƙi-baƙi da ƙurar gawayi, uwargidan ta ja da baya. Muka bar shi yana zuba na 'yan mintuna har ya washe, haka kowane sabon gawayi yake yi.

Kafin a ɗaura ko ɗaya sai da aka wanke tanki, don sabuwar filta a kan tsohon yauƙi aikin banza ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce kusan mililita guda na bilic, wato ruwan kulorin na wanki, mara turare, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6, ga kowace lita ta tanki. Nasu mililita 150 ke nan. Aka tsarma shi a bokitin ruwa tukuna, aka zuba, aka cika tanki, aka buɗe kowane famfo har warin ya fito, aka rufe, aka bar shi sama da awa huɗu. Aka zubar, aka ɗauraye har warin ya tafi. Katirij ɗin gawayi ba ya ciki lokacin wannan aiki, domin zai shanye bilic ɗin ya mutu a banza. Hita kuma an kewaye ta da bawul ɗinta, aka wanke ta daban, aka sa mata sabuwar sanda ta alminiyam da zinki, wadda ba ta cika tayar da warin ƙwai ba. Na ja musu kunne kada bilic ya haɗu da binega ko wani abin wanki mai amoniya, iskar da ke tashi guba ce, balle a ɗaki ƙarami irin wannan. Na kuma ce su riƙa barin hitar ta kai digiri 60, saboda bakteriyar Legionella tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 45, kuma ta tururin shawa take shiga huhu, ba ta sha ba.

Saura zangunan da ruwansu na burtsatse ne, babu kulorin tun asali. A nan maigidan yana tsoma takarda kafin ya cika. In ta nuna babu, sai ya sa cokalin shayi guda na bilic, mililita 5, a cikin lita 150, wanda ke ba da kusan miligiram 2 a lita. Bayan rabin awa ya sake gwadawa, in ya ga aƙalla 0.5 ya san ya isa. Gawayin da ke madafa zai cire ɗanɗanon kafin a sha. Tsohuwar dabarar filtar tiyo ma ba a yar da ita gaba ɗaya ba: idan za su yi kwanaki a haɗin kai tsaye, ruwan kuma yana da kulorin mai hawa ido a shawa, suna iya ƙara sabuwa bayan kwanson laka, tunda wannan ruwan ba ajiye shi ake yi ba. Da za a cika tanki sai a cire ta.

Bayan sun yi zagaye sun dawo

Warin ƙwai bai dawo ba, shawa ta samu ƙarfi, uwargidan ta daina lodin gora. Katirij ɗin laka ya nuna amfaninsa: a ruwan hukuma yakan daɗe fari, a wani zango mai burtsatse kuwa cikin kwanaki kaɗan ya koma ja kamar an tsoma shi a jar ƙasa. Yanzu suna tafiya da biyu a ajiye, da zoben roba na kwanson, don shi ne ƙaramin abin da in ya tsage ruwa zai yi ta ɗiga.

Maigidan dai ya dawo da fushi guda. Ya sayi ɗan abin auna TDS, ya tsoma a ruwan zango ya ga lamba, ya tsoma a ruwan sabon famfonsa ya ga kusan lambar nan. Ya ce, "Malam, anya ba a cuce mu ba?" Ba a cuce su ba. Abin yana auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki ne, wato yawan gishirin da ya narke a ciki, irin su kalsiyam da magnisiyam. Gawayi ba ya taɓa waɗannan, kuma ba su ne abin tsoro ba. Na'urar ba ta ganin ƙwan cuta, ba ta ganin bakteriya, kuma dalmar da ake ƙirgawa da maikirogiram 10 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, ta yi ƙanƙantar da ba za ta motsa lambarta ba. Na ce ya gwada da takardar kulorin. Ruwan tanki ya nuna launi, na ƙaramin famfo bai nuna ba. Ya ajiye na'urar.

Abin da tsarin bai magance ba shi ne farin ɓawo. Ruwan da ya haura miligiram 120 na kalsiyam kabonet a lita ana lissafa shi mai tauri, sama da 180 mai tauri sosai, kuma wasu wuraren da suke son zuwa haka ruwansu yake. Maganinsa na'urar tausasa ruwa mai ƙwayoyin roba a ciki, da ake farfaɗowa da gishiri. Akwai ƙanana na mota, amma suna da nauyi idan sun cika, kuma wani aiki ne aka ƙara. Sun zaɓi su riƙa jiƙa kan shawa a binega, su wanke hita da ita sau ɗaya a shekara, su duba sandar a lokacin. Na goyi bayansu. In sun koma zama wata da watanni a wuri mai irin wannan ruwa, lissafin zai canja.

Gawayin madafa za a canja shi duk wata shida ko da bai toshe ba, ko da zarar ruwansa ya ragu ko ɗanɗanon kulorin ya dawo. In motar za ta yi makonni a ajiye, a zubar da tanki, a cire katirij duka biyu, a bar kwanso a buɗe ya bushe, a wanke tanki da bilic kafin fita ta gaba. Inda sanyi ke kaiwa ga ƙanƙara wannan ya zama dole, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare: yana tsaga kwanso, yana kuma iya tsaga dunƙulen gawayi ta ciki inda ido ba ya gani, filtar ta ci gaba da ba da ruwa alhali ƙwan cuta na wucewa ta tsagar. Duk katirij ɗin da ya taɓa daskarewa a jiƙe, a yar da shi a sa sabo.